Haɗarin da ya rage bayan an gama bincike: wa ke sa masa hannu a Wagadugu?

A unguwar Zongo da ke yammacin Wagadugu, kamar sauran unguwannin gefen gari, rumfar mai tura kuɗi ta waya ta fi reshen banki kusa da jama'a. Nan ake zuba cinikin yini a Orange Money ko Moov Money, nan ake karɓar abin da ɗan'uwa ya aiko daga Abijan ko Bobo, nan ake sayen wutar SONABEL. Wanda ya miƙa jaka 20 ya ga saƙo ya shigo wayarsa, a wurinsa magana ta ƙare. Saƙon nan kuwa ya fito ne daga wasu manyan kwamfutoci da ba zai taɓa gani ba. A ƙa'idar masu wannan sana'a, kafin a buɗe wa jama'a irin waɗannan na'urori akwai takardar da wani babba ya kamata ya sa wa hannu. Abin da take cewa a taƙaice shi ne: an bincika, an toshe abin da za a iya toshewa, ga abin da ya saura, kuma na yarda a fara aiki a haka.

Abin da ya saura ɗin shi ake kira « risque résiduel » da Faransanci, wato ragowar haɗari. Babu wata na'ura, ta banki ce ko ta asibiti ko ta ofishin da ke yin katin ɗan ƙasa, da ba ta da shi. Bambancin kawai shi ne ko an san shi an rubuta, ko kuwa an bar shi sai ranar da ya bayyana da kansa.

Mai bincike daban, mai ba da izini daban

Aikin hawa biyu ne, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Hawa na farko shi ne tantancewa. Masana ne ke yin sa: su duba yadda aka gina na'urar, su wa ke da mabuɗin shiga, ina ake ajiye kwafin bayanai, me zai faru in wuta ta ɗauke. Sukan ma gwada kutsawa da kansu kamar ɓarayi, da izinin mai na'urar, don su ga inda katanga ta yi gajarta. Daga nan su rubuta rahoto. Hawa na biyu shi ne ba da izinin aiki, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake ce wa « homologation ». Wannan ba aikin injiniya ba ne. Na shugaban ma'aikata ne ko wani babban jami'in da ke da iko a kan kasafin kuɗi, domin shi ne zai iya cewa a ƙara kashe kuɗi a gyara, ko a dakata, ko a tafi a haka.

Dalilin raba su a fili yake. Injiniya ya san inda rami yake, amma ba shi zai amsa tambaya ba in albashin ma'aikata ya maƙale ko bayanan marasa lafiya suka bazu. Shugaba kuma shi zai amsa, amma sau da yawa bai san ramin ba sai an nuna masa. Takardar izini ita ce wurin da aka tilasta su haɗu.

Amurka ce ta fara mayar da abin doka mai tsari. Ma'aikatar tsaronta ta fito da tsarin DITSCAP a 1997, sannan a 2004 hukumar NIST ta wallafa kundi mai lamba 800-37 don na'urorin gwamnatin tarayya, aka daɗe ana sabunta izinin duk shekara 3. Faransa ta bi tata hanyar: tana da dabarar auna haɗari mai suna EBIOS tun 1995, ta kafa hukumar ANSSI a 2009, ta kuma wajabta wa ma'aikatun gwamnati ba da izini a rubuce kafin su buɗe wa jama'a hidima ta intanet. Kamfanoni masu zaman kansu sun fi bin ma'aunin ISO 27001, wanda shi ma ya ce dole wanda haɗarin ke wuyansa ya amince da ragowarsa. Hukuncin da ake yankewa iri uku ne kusan ko'ina: cikakken izini, ko izini na ɗan lokaci bisa sharaɗin za a gyara wasu abubuwa kafin wata rana, ko hanawa.

Lissafin, da kuɗin rumfa

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda ake auna shi ita ce a sauko daga manyan kwamfutoci a tsaya a rumfa. A ɗauka misali wani wakili ne a Zongo, jarinsa na cikin waya da na cikin aljihun tebur jaka 500 na sefa. Abubuwan da za su iya cinye wannan jari sanannu ne: a fizge wayar, ko wani ya kira shi da sunan ma'aikacin kamfani ya yaudare shi ya faɗi lambar sirri, ko a nuna masa saƙon bogi ya ba da tsabar kuɗi, ko yaron shagonsa ya ci amana.

Masu auna haɗari suna yi wa kowanne tambaya biyu: sau nawa zai iya faruwa, kuma in ya faru nawa za a rasa. A ce, don misali kawai, asarar jarin gaba ɗaya tana iya aukuwa sau ɗaya a shekara 5. In aka raba jaka 500 gida 5, kamar yana asarar jaka 100 ke nan kowace shekara. Wannan shi ne haɗarin asali, kafin a yi komai. Sai ya ɗauki matakai: ya ware waya guda don aiki kaɗai, ya daina bai wa yaro lambar sirri, ya sa ƙarfe a tagar rumfa, ya riƙa duba ragowar kuɗinsa da kansa kafin ya miƙa wa kowa ko dala. A ce duka wannan na cin jaka 30 a shekara, kuma ya mayar da asarar sau ɗaya a shekara 20. Yanzu kason shekara ya koma jaka 25. Ya kashe 30 ya tsirar da 75, ciniki ya yi kyau.

Jaka 25 ɗin nan ita ce ragowar haɗari. Zai iya ɗaukar mai gadi da na'urar ɗaukar hoto ya ƙara rage ta, amma in hakan zai ci jaka 200 a shekara, ya sayi maganin da ya fi ciwon tsada. A nan ne yake tsayawa ya ce na yarda. Zaɓin da ke gabansa huɗu ne, su ne kuma ke gaban babban banki: ya rage haɗarin, ko ya kauce masa gaba ɗaya ta hanyar daina karɓar manyan kuɗi bayan magariba, ko ya ɗora wa wani ta hanyar inshora ko yarjejeniya, ko ya karɓe shi da saninsa.

Sai dai lissafin yana da yaudara, kuma masu sana'ar na ƙwarai sun san da ita. Ranar da abin ya faru, ba jaka 25 wakilin zai rasa ba, jaka 500 ce cif, watakila kuma bashi ya ci ya haɗa ta. Rabawa a kan shekaru yana wa kamfani mai rumfuna dubbai daidai, domin asarar wannan rumfa tana narkewa a ribar sauran. Ga mai rumfa ɗaya, asarar da ba ta cika faruwa ba amma take tayar da shi daga kasuwa ta fi ƙananan asarori goma muni. Shi ya sa dabaru irin su EBIOS, musamman sabon zubinta na 2018, ba sa dogara da ninka lambobi kawai. Suna jera labarin harin daga farko zuwa ƙarshe: wa zai so ya cutar da wurin, me yake nema, ta wace ƙofa zai bi, har da ƙofar ɗan kwangila ko abokin hulɗa. Sannan a ba kowane labari maki, yawanci daga 1 zuwa 4, a wajen muni da wajen yiwuwa. Makin nan ma ra'ayin mutane ne da suka zauna a ɗaki, kuma ba wuya a sauke 3 zuwa 2 in ranar buɗe aiki ta matso kuma minista zai zo yanke ƙyalle.

Abin da Wagadugu ta riga ta gani

Ana jin maganar tsaron kwamfuta sai hankali ya tafi kan masu kutse, alhali manyan abubuwan da suka taɓa ajiyar bayanai da sadarwa a birnin nan da yawansu ba su da alaƙa da kutse.

Ranar 1 ga Satumban 2009 ruwan da ya haura milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin 'yan sa'o'i. Mutane wajen dubu 150 abin ya shafa, unguwannin da ba a yanka filayensu ba, masu gidajen laka, su suka fi shan wuya. Ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo har aka kwashe marasa lafiya, kayan aiki suka lalace, ya kuma shiga ma'ajiyar fina-finan Afirka da ke hedkwatar FESPACO. Duk wanda ya ajiye babbar kwamfutarsa a ɗakin ƙasa, ya kuma ajiye kwafin bayanan a ɗaki na kusa, ya karɓi wannan haɗari ko ya sani ko bai sani ba. Ranar 30 ga Oktoban 2014 kuma masu zanga-zanga suka cinna wa ginin majalisar dokoki wuta. Rahoton bincike da aka rubuta wata guda kafin nan da wuya ya ba gobarar tarzoma babban maki.

A watan Nuwamban 2021, lokacin da jama'a suka tare ayarin sojojin Faransa a Kaya, an katse intanet na wayar hannu a faɗin ƙasar na kusan kwana 8 bisa umarnin gwamnati. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuwa wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu, har da Burkina Faso wadda ba ta da teku, sai ta ƙasashen maƙwabta take samun hanya. Waɗannan biyun su ne ainihin hoton ragowar haɗari. Babu kamfanin da zai hana gwamnati ba da umarni, babu wanda zai hana waya tsinkewa a ƙasan teku. Abin da zai iya shi ne ya tanadi hanya ta biyu, ya kuma tabbatar hidimarsa tana tafiya da lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a ƙaramar waya, waɗanda ba sa buƙatar intanet. Abin da ya wuce haka sai a rubuta shi a takarda a sa hannu.

Masu kutsen ma dai suna nan. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto kan wani gungu da aka yi wa laƙabi da OPERA1ER, masu magana da Faransanci, waɗanda tsakanin 2018 da 2022 suka kai hari fiye da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, suka kwashe aƙalla dala miliyan 11 ta Amurka. Burkina Faso da Nijar da Mali da Najeriya na cikin ƙasashen da aka lissafa. Abin lura shi ne ba su zo da wani makami na musamman ba. Wasiƙar imel ce mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman aiki, ma'aikaci ɗaya ya buɗe, su shiga su yi shiru wata 3 har zuwa shekara suna koyon yadda ake amincewa da fitar kuɗi, sannan su tura wa mutanen da suka tanada, a cire a na'urorin cirar kuɗi a ƙarshen mako ko ranar hutu. A Yulin 2023 Interpol ta sanar da kama wanda ake zargi babba ne a cikinsu a Kwaddibuwa. "Wani ma'aikaci zai buɗe wasiƙar da bai kamata ba" layi ne da ke cikin kusan kowane jerin ragowar haɗari a duniya, kuma horo yana rage shi ne kawai. Tambayar da mai sa hannu ya kamata ya yi ita ce: in an buɗe ɗin, wata nawa za a yi kafin a gane?

Izini yana tsufa

Takardar izini hoto ce ta ranar da aka ɗauke ta. Bayan wata shida an ƙara sabuwar manhaja, ma'aikacin da ya san kan abin ya bar aiki, an gano sabon rauni a kayan da aka saya. Shi ya sa ake sa mata wa'adi, kuma ake cewa duk babban sauyi yana buƙatar a sake zama.

Misalin da aka fi kawowa a nan na Amurka ne. A Nuwamban 2014 babban mai binciken hukumar OPM, wadda ke riƙe da bayanan ma'aikatan gwamnatin tarayya, ya rubuta cewa 11 daga cikin manyan na'urorinta 47 suna aiki ba tare da izini mai rai ba, har ya ba da shawarar a duba yiwuwar rufe su. Ba a rufe ba, domin aiki ba zai tsaya ba. A 2015 aka bayyana cewa an sace bayanan mutum miliyan 21 da rabi, har da zanen yatsun miliyan 5.6, kuma shugabar hukumar, Katherine Archuleta, ta ajiye aiki a watan Yuli. Adalci shi ne a ce sa hannu kaɗai ba zai kori maharan ba, tunda sun riga sun shiga tun 2014. Amma rashinsa ya nuna cewa an daɗe babu wanda ya zauna ya karanta jerin raunin ya ɗauki nauyinsa da sunansa.

Akwai kuma kishiyar wannan cuta, wadda ta fi yawa: takardu sun cika, sa hannu ya hau, amma ba wanda ya karanta. Izini na ɗan lokaci a yi ta tsawaita shi har ya zama na dindindin, jerin gyare-gyaren da aka yi alkawari yana kwance a aljihun tebur. Haka nan shaidar ISO 27001 da ake ratayawa a bangon ofis. Shaida ce cewa wurin yana da tsarin kula da haɗari, a cikin iyakar da shi da kansa ya zana, ana kuma sabunta ta duk shekara 3 tare da dubawar shekara-shekara. Tana iya shafar ɗakin kwamfutoci na hedkwata kaɗai, ba ta san da rumfar Zongo ba.

Wanda ya sa hannu da wanda ya yi asara

Burkina Faso ba ta rasa hukumomi ba. Tana da tata ANSSI tun 2013, mai kula da tsaron na'urorin sarrafa bayanai. Dokar 2004 ta samar da hukumar CIL don kare bayanan mutane, kuma an sabunta dokar a Maris na 2021. Rundunar BCLCC mai yaƙi da laifukan intanet tana karɓar ƙorafi tun 2020. A Yulin 2024 majalisar riƙon ƙwarya ta amince da dokar tsaron na'urorin sarrafa bayanai. Ta fuskar kuɗi kuma, umarnin babban bankin BCEAO na 2015 ya ce sai da lasisi ake fitar da kuɗin waya, kuma kowace dala da ke cikin wayoyin mutane dole a samu takwararta a ajiye a banki.

Wannan sharaɗi na BCEAO yana toshe haɗari guda, wato kamfani ya ƙirƙiri kuɗin da babu shi. Bai shafi matar da aka kira aka ce an turo mata kuɗi bisa kuskure ta mayar ba, ko dattijon da ya miƙa wa wani wayarsa da lambar sirri saboda ba ya karanta Faransanci. A idon mai tantancewa, ba a fasa na'urar kamfani ba: lambar daidai aka danna, daga wayar da ta dace. Haɗarin nan an san da shi sarai, kuma yawanci an riga an ɗora shi a kan mai waya ta cikin sharuɗɗan da ya amince da su ranar da ya buɗe asusu, waɗanda ke cewa shi ke da alhakin lambarsa.

A nan ne tsarin yake da gurgunta. An gina shi a kan cewa wanda zai sha wuyar haɗari shi ne zai yarda da shi. Wannan gaskiya ne in asarar ta kamfani ce. In kuwa ta ɗan kasuwa ce ko ta mai neman takardar haihuwa da bayanansa suka fita, to wani ne ya yarda a madadinsa, bai kuma tambaye shi ba. Dokar kare bayanai an yi ta ne don ta cike wannan giɓi, ta sa a auna cutarwar da za ta samu mutum ba asarar ma'aikata kaɗai ba. Mai binciken kirki kuma zai sa a jerinsa abubuwan da ba a gani daga ofis mai sanyi a Ouaga 2000: waya ɗaya da gida duka ke amfani da ita, layin da aka yi wa rajista da katin wani, saƙon gargaɗi da ke zuwa da harshen da mai wayar ba ya ji, a unguwar da ake ciniki da Moore da Jula da Hausa da Fulatanci. Matakan da ke rage irin wannan ba su da tsada sosai: iyaka a kan abin da sabon layi zai iya cirewa a rana, nuna sunan mai karɓa kafin a tabbatar da turawa, lambar kiran gaggawa da za a toshe asusu nan take cikin harshen mai kira.

Jerin ragowar haɗarin kansa sirri ne, kuma da hujja, domin buga shi tamkar nuna wa ɓarawo tagar da ba ta da sakata ne. Amma abubuwa uku ba su da dalilin ɓoyewa, ɗan jarida ko ɗan majalisa ko ƙungiyar 'yan kasuwa na iya neman su daga duk ma'aikatar da ta buɗe hidima ta intanet: muƙamin wanda ya ba da izinin, ranar da ya sa hannu da ranar da wa'adin zai cika, da kuma iyakar abin da binciken ya shafa, ko ya tsaya a hedkwata ko ya kai har wayar wakili.